Yadda Ake Zama Ɗan Jaridar Binciken Ƙwaƙwaf a Talabijin

Yawancin matasan da ke sha'awar wannan aiki daga ƙarshensa suke hango shi. Sun ga Anas Aremeyaw Anas na Ghana da fuskarsa a rufe, sun ga kyamarar ɓoye ta kama babban mutum yana cusa kuɗi a aljihu, sai su ɗauka sana'ar ke nan. Abin da ake nunawa na minti talatin ko hamsin, bayansa akwai watanni na karatun takardu, da zaman jira a ƙofar ofis, da kiran wayar da ba a ɗauka. Kyamarar ɓoye ita ce kayan aiki na ƙarshe da za ka taɓa, wasu ma har su yi ritaya ba su taɓa ta ba. Ga hanyar tun daga tushe.

Da farko, karatu

Digiri ko difloma a aikin jarida yana buɗe ƙofar ɗaukar aiki. Akwai Jami'ar Bayero ta Kano, da Ahmadu Bello ta Zariya, da Kwalejin Talabijin ta NTA da ke Jos, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna; a Nijar kuma akwai makarantar aikin jarida ta ESSCOM (tsohuwar IFTIC) a Yamai. Idan talabijin ka sa a gaba, zaɓi inda za ka riƙa taɓa kyamara da kwamfutar tace hoto da hannunka.

Amma wanda ya karanci lauya, ko akanta, ko aikin lafiya, kada ya ce ya makara. Yusuf Anka, wanda ya shiga dazukan Zamfara ya yi wa BBC rahoton 'yan bindiga da aka nuna a 2022, ɗalibin lauya ne. Akanta yana ganin ɓaraka a takardar kashe kuɗi inda wani zai wuce bai lura ba. Abin da ba makawa shi ne rubutu mai tsabta da Hausa, da kuma Turanci ko Faransanci, domin takardun gwamnati da su ake rubuta su, talakan da abin ya shafa kuma da Hausa zai yi maka bayani.

Sai ɗakin labarai, kuma a nan za a daɗe

Nemi gurbin sanin makamar aiki ko na yi wa ƙasa hidima a gidan talabijin ko rediyo, ko da ƙarami ne. Kada ka raina gidan jiha. A ƙaramin gida mutum ɗaya ne ke ɗauko labari, ya rubuta, ya karanta, wani lokaci ya tace, abin da babban gida ke raba wa mutum huɗu. Wahala ce, amma makaranta ce.

Idan aka ba ka zaɓin inda za a tura ka, ka roƙi kotu. Sabbin 'yan jarida gidan gwamnati suke so, don can ake ganin manya ana kuma samun na goro. Kotu kuwa ita ke koya maka bambancin zargi da hujja, da yadda lauya ke warware shaidar da ka ɗauka ta gama zama. Can za ka saba da rajistara da akawu da masinja. Ka gaishe su da girmamawa, "Malam, ina kwana, ya aiki?", ka san sunan kowa, domin ranar da kake neman kwafin wata takardar ƙara su ne za su ce maka tana ɗaki kaza. Bayan kotu, majalisar dokokin jiha a lokacin kare kasafin kuɗi, sai asibitocin gwamnati.

A waɗannan shekaru za a gwada ka da ambulan. Bayan taron manema labarai wani zai zo da takarda a rubuta suna, a ce kuɗin mai ne. Na san albashi ba ya kai wata, wasu gidajen ma katin shaida kawai suke ba ma'aikaci su ce ya nemi abincinsa da shi. Duk da haka, mai niyyar bincike ya sani jerin sunayen nan ba a yar da shi. Ranar da ka taɓo ma'aikatar, shi za a fara zarowa.

Fara littafin lambobin waya tun yanzu, kana rubuta wane ne, a ina yake aiki, me ya sani. Direban ofis da ma'ajin sito sukan fi kwamishina amfani.

Koyi aikin hoto da sauti da kanka

Jarida tana iya rubuta "an gano cewa". Talabijin sai ta nuna. Gani ya kori ji. Saboda haka duk labarin da ya zo maka, tambaya ta biyu bayan "gaskiya ne?" ita ce "me mai kallo zai gani?"

Wayar hannu mai kyau ta isa farawa. Riƙe ta a kwance, ka dafa gwiwar hannu a jikinka ko ka sa ta kan sanda mai ƙafa uku. Kowane hoto ka bar shi ya yi daƙiƙa goma ba motsi. Ɗauki wuri daga nesa, sannan tsaka-tsaki, sannan kusa: ginin duka, ƙofarsa, sai kwaɗon da ya yi tsatsa. Kada ka tsayar da mai magana rana tana bayansa. Kuɗinka na farko ka sa su a ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, don mai kallo yana yafe hoto mai duhu amma ba ya zama kan sautin da iska ko janareta suka cinye. Sa abin ji a kunne duk lokacin hira. Koyi manhajar tacewa guda ɗaya sosai, Premiere ko DaVinci Resolve, wadda ke da nau'in kyauta.

Takarda kafin kyamara

Nan ne aikin yake, nan kuma aka fi gudu.

Bincike yana farawa da zato guda da za a iya faɗa a jimla ɗaya, wanda hujja za ta iya gaskatawa ko ta rushe. "Akwai cin hanci a harkar lafiya" ba zato ba ne, hirar majalisa ce. "An biya kuɗin gina ƙaramin asibiti a ƙauye kaza a shekara kaza, amma ba a gina ba" shi ne zato. Mu ɗauki wannan a matsayin misali mu bi shi.

Ka fara da kasafin kuɗi. Na tarayya yana shafin Ofishin Kasafi, jihohi da yawa ma suna sa nasu a intanet. Nemo layin aikin, lambarsa, adadin kuɗin, da hukumar da aka ɗora wa. Sau da yawa a ayyukan mazaɓu za ka tarar an saka ginin asibiti a ƙarƙashin wata hukumar da ba ruwanta da lafiya; wannan kansa abin tambaya ne. Amma sa kuɗi a kasafi daban, sakin su daban, kuma nan sababbi ke faɗawa rami, su ce an cinye kuɗin da ba a ma fitar ba. Don haka sai ka nemi shaidar biya. Tun Disambar 2019 gwamnatin tarayya ta buɗe shafin baitulmali da ke nuna manyan kuɗaɗen da hukumomi suka biya, ƙungiyar BudgIT kuma tana tattara su a shafinta na Govspend yadda za a iya nema da sunan kamfani ko hukuma. Tracka, ita ma ta BudgIT, tana bin ayyukan mazaɓu ƙauye-ƙauye. Idan ka samu sunan kamfanin, duba rajistarsa a CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista: yaushe aka yi masa rajista, ina adireshinsa, su wa ke da shi. Kamfanin da aka yi wa rajista wata biyu kafin ya samu kwangila, ko wanda ofishinsa ya zama shagon sayar da katin waya, ya ba ka hoton da za ka ɗauka. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na kowace shekara ma cike yake da labaran da ba wanda ya bi.

Sannan ka rubuta wasiƙar neman bayani a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda aka sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011. Dokar ba ta ce sai ka faɗi dalilinka ba. Hukuma tana da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7, idan ta hana kana da kwana 30 ka je kotu. Jihohi sun daɗe suna cewa ba ta shafe su ba, har Kotun Ƙoli ta yanke a 2025 cewa ta shafe su. Ka rubuta abin da kake so dalla-dalla: takardar ba da kwangila, jadawalin kayan aiki da farashinsu, takardun biya, takardar shaidar kammalawa. Kai kwafi biyu da hannunka, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya. Galibi ba za su amsa ba. Wannan kwafi mai hatimi shi za ka ɗaga a gaban kyamara ka ce an kai ranar kaza, har yau shiru.

Duk abin da ka tara, jera shi bisa kwanan wata a takarda guda: ranar rajistar kamfani, ranar kwangila, ranar biya, ranar da aka ce an gama. Ƙarya takan fito ne a tsakanin ranaku.

Idan kuma bidiyo ne aka turo maka ta WhatsApp, kada ka gaskata don ya tayar maka da hankali. A 2018 wani bidiyo ya yaɗu na sojoji suna harbe mata biyu da yara biyu, gwamnatin Kamaru ta ce ƙarya ne. Masu binciken BBC da abokan aikinsu suka ɗauki zanen kan duwatsun da ke bayan hoton suka daidaita shi da taswirar Google Earth har suka gano wurin a kusa da Zelevet, a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru. Inuwar mutanen kuma ta nuna musu lokacin shekara, a 2015. A 2020 kotun soja ta ɗaure huɗu daga cikin sojojin shekara goma-goma. Ba wanda ya ɓoye kyamara a wannan aiki. Koyi binciken asalin hoto, ka riƙa lura da allon shago, lambar mota, hasumiyar masallaci, da karin harshen masu magana.

Fita fili

Je ƙauyen sau ɗaya ba kyamara. Fara da gidan mai gari: "Ranka ya daɗe, ni ɗan jarida ne daga gidan talabijin kaza, na zo kan maganar asibitin nan." Ka faɗi gaskiyar ko kai wane ne, kada ka bari a ɗauka kai jami'in ƙungiyar agaji ne mai rubuta sunayen tallafi, don ranar da aka gane, ƙofar ta rufe har ga wanda zai zo bayanka. Amma kada ka tsaya a fada. Mai gari yana da nasa lissafin da ƙaramar hukuma. Ungozoma, mai kemis, da ɗan acaɓan da ke kai masu naƙuda gari cikin dare, su suka san abin da rashin asibitin ya jawo.

Ranar ɗauka, ɗauki allon kwangila yadda za a iya karanta kowane layi. Ɗauki tubalin da ciyawa ta rufe, da awakin da ke kwana a ɗakin da aka ce na haihuwa ne. Hau babur ɗin ka bi hanyar zuwa asibiti mafi kusa kana ɗauka, ka duba agogo. Labarin talabijin yana bukatar mutum ɗaya da mai kallo zai bi, don haka nemi wadda abin ya faɗa wa. Idan matar aure ce, sai da izinin gida, kuma ya fi kyau mace ta yi hirar. Shi ya sa tawagar da ba mace a cikinta rabin labarin Arewa kawai take samowa. Zauna ƙasa daidai da ita. "Inna, ki ba ni labarin daren nan tun daga farko." Daga nan ka yi shiru. Idan ta tsaya kada ka cike gurbin da wata tambaya, abin da ya fi nauyi yakan zo bayan shirun.

Ka bayyana mata cewa duk duniya za a gani, har a wayar maƙwabta. Yara da waɗanda aka yi wa fyaɗe ba a nuna fuskarsu, ko da iyaye sun yarda.

Majiya

Wanda ya ba ka takarda daga cikin ofis ya sa abincin iyalinsa a hannunka. Tambayi kanka me ya sa ya kawo. Mai jin haushi yana iya faɗin gaskiya, amma rabinta zai faɗa. Kowace magana mai nauyi ka same ta daga hanya biyu da ba su san juna ba.

Dusashe fuska kaɗai ba ya ɓoye mutum. Abokan aikinsa sun san zobensa, hularsa, labulen ɗakinsa, da yadda yake cewa "ka gane ko". Sauya murya da na'ura ma ana iya mayar da ita, gara wani ya karanta kalamansa. Takardar da ya ba ka tana iya ɗauke da lambar kwafi ko sa hannun da zai nuna teburin da ta fito. Yi magana da shi ta Signal, manhajar saƙo mai sirri, kada ka ajiye lambarsa da sunansa na gaskiya. A watan Janairun 2019 aka harbe Ahmed Hussein-Suale, abokin aikin Anas, a unguwar Madina ta Accra, watanni bayan wani ɗan majalisa ya nuna hotonsa a talabijin sakamakon binciken cin hanci a ƙwallon ƙafar Ghana.

Yanzu ne maganar kyamarar ɓoye

Tana da ranarta. Binciken maganin tari mai kodin da Ruona Meyer ta yi wa BBC a ƙarshen Afrilun 2018, wanda ya nuna halin da matasa ke ciki a Kano, bai kwana biyu da fita ba gwamnati ta hana shigo da maganin da sarrafa shi. Kiki Mordi ta bi malaman jami'a masu neman ɗalibai mata da lalata a Legas da Accra a 2019. Fisayo Soyombo ya sa aka kama shi da gangan a shekarar, ya kwana a ofishin 'yan sanda da gidan yarin Ikoyi. Umar Audu na Daily Nigerian ya sayo digiri daga Kwatano cikin mako shida, a farkon 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo.

Abin da ya haɗa su shi ne sun riga sun san laifin yana faruwa kafin su ɓoye kyamara, kuma ba wata hanyar nuna shi. Sharuɗɗan ke nan: hujja ta riga ta taru, amfanin jama'a ya fi girman yaudarar da za ka yi, edita da lauya sun amince a rubuce, akwai wanda ya san inda kake da abin da zai yi idan ba ka fito a kan lokaci ba. Kada ka zuga mutum ya aikata abin da da ba zai yi ba. Lauyansa da wannan zai kayar da kai. Ajiye ainihin abin da ka ɗauka ba tare da yanka ba, kwafi biyu a wuri biyu. Sabon ɗan jarida da ya sayi biro mai kyamara ya tafi shi kaɗai, a ganina, ganganci yake yi.

Kafin a sa a iska

Rubuta wa duk wanda ka ambata wasiƙa, ka jera zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya, ka ba shi wa'adi mai ma'ana. Amsarsa ta shiga rahoton da adalci. Wani lokaci amsar za ta rushe labarin. Gara ta rushe shi a ofis da a kotu. Tare mutum a bakin mota da makirufo sai bayan ya ƙi amsa wasiƙa da waya.

Bi rubutunka layi-layi, kowace jimla ka rubuta hujjarta a gefe. Wadda ba ta da hujja ta fita, komai daɗinta. Kula da lafazi: "ya sace" hukuncin kotu ne, naka shi ne "takardu sun nuna an biya naira kaza, ga kuma abin da muka tarar".

Talabijin tana da wani takunkumin da jaridar intanet ba ta da shi, wato lasisi. A Agustan 2022 NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 kan rahotonta na 'yan bindiga, ta kuma ci masu dakon tashoshin da suka nuna na BBC. A Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce hukumar ba ta da hurumin cin tara, amma tsoron bai bar zukatan masu gidaje ba. Karanta kundin ƙa'idojin NBC, da dokar ɓata suna, da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 wanda aka sha kama 'yan jarida da shi, ko bayan gyaran 2024. A Nijar, an tsare 'yar jarida Samira Sabou a 2020 kan abin da ta rubuta game da binciken kuɗin ma'aikatar tsaro, a 2024 kuma aka dawo da hukuncin ɗauri kan rubutun intanet. Ka kuma san mai gidan da kake wa aiki da abokansa, don wani labarin ba gwamnati ce za ta kashe shi ba, daga sama za a kira edita.

Kuɗin aiki da hawa mataki

Gidaje kaɗan ne za su sake ka wata uku kan labari ɗaya. Yawanci za ka riƙa aikin yau da kullum, binciken kuma da yamma da ƙarshen mako. Fara da rahoton minti biyar da za a gama cikin mako biyu. Uku ko huɗu irinsa masu kyau su ne takardar shaidarka.

Da su za ka nemi tallafi da horo a cibiyoyin aikin jarida na ICIR da CJID a Abuja, ko Cibiyar Wole Soyinka a Legas, wadda ke ba da lambar yabo tun 2005 tana kuma da shiri na musamman ga mata. Kafar labarai ta HumAngle ta Ahmad Salkida ta ƙware kan rikici, ta WikkiTimes kuma tana Bauchi. Ga 'yan Nijar akwai cibiyar binciken jarida ta CENOZO a Wagadugu, mai ɗauke da sunan ɗan jarida Norbert Zongo da aka kashe a 1998. Takardar neman tallafi shafi ɗaya ta isa: zaton, hujjar da ke hannu, abin da za a gani a hoto, wanda ya yarda ya yi magana, haɗarin, da kuɗin. Wanda ya rubuta "ina so in binciki matsalar almajirai" ba zai ji amsa ba.

Manyan tashoshin waje sukan fara ɗaukar mutum a matsayin ɗan jagora mai haɗa su da jama'a. Karɓa, za ka koyi abubuwa, amma a rubuta yarjejeniya: kuɗi, ko sunanka zai fito ko ba zai fito ba, da abin da za su yi maka idan ƙura ta tashi. Su jirgi za su hau, kai a garin za ka kwana. Ja'afar Ja'afar, wanda ya fitar da bidiyon dalolin da aka zargi gwamnan Kano na lokacin da karɓa a 2018, zargin da gwamnan ya musanta, sai da ya bar ƙasar a 2021.

Daga nan hanya takan rabu. Wasu su zama fuskar shiri, wasu furodusa, wasu editan sashen bincike, wasu su buɗe tasu kafar a YouTube da Facebook, inda masu kallon Hausa suke da yawa. Ko wacce ka bi, ranar da rahoto ya fita ka sanar da majiyoyinka tun kafin lokaci, ka yanka gajerun sassa na minti ɗaya don waya, ka kai wa gidan rediyon yankin sautin, domin mutanen ƙauyen rediyo suke ji. Sa ranar komawa a kalanda, wata uku ko shida. Idan ɗan kwangila ya dawo ya yi rufi, ka ɗauka ka nuna. Idan fenti kawai aka shafa wa gaban ginin, ka zagaya baya da kyamara, ka sake kai wasiƙa a buga maka hatimi.